YADDA A KE KOYON TUƘA JIRGIN RUWA MAI TAFIYA DA ISKA

1. Mu da teku

Mu mutanen Hunkuyi da Kudan da Makarfi da Ikara mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na fadamar da mu ke noman rake da tumatir, da na kogin Galma idan ya kawo da damina. Daga nan zuwa bakin teku a Ikko tafiyar fiye da kilomita 800 ce. Amma ruwan nan na Galma teku ya nufa. Ya kan faɗa kogin Kaduna, Kaduna ta faɗa Kwara, Kwara ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan su gangara tare har teku.

Kakanninmu ma sun san teku. Kafin jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano a shekarun 1950, yawancin masu zuwa Makka ta ƙasa su ke bi. Su kan miƙa gabas, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, har ƙasar Sudan. Wani ya kan shekara biyu a hanya, wani goma, yana tafe yana ƙwadago. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a masu yawa sun bi wannan hanya, har jikokinsu suka zauna a Sudan. Duk wanda ya kai ƙarshen ƙasa sai ya tarad da Bahar Maliya a gabansa. Daga Sawakin, tashar da ke wannan gaɓa, zuwa Jidda da ke waccan, kimanin kilomita 320 ne, duk ruwa. Masu hali su kan shiga jirgi mai inji. Talakawa da yawa kuwa jirgin katako su kan shiga, wanda Larabawa ke kira sambuk. Ba shi da inji, iska ce ke tafiyad da shi.

To, yaya iska ke kai jirgi inda matuƙi ya ke so? Yaya kuma mutum ke koyon wannan aiki? Abin da za mu karanta yau ke nan.

2. Sassan jirgi

Abu huɗu ya kamata mu riƙe.

Na farko jigo. Dogon itace ne da a ke kafawa a tsakiyar jirgi, kamar jigon ban ruwa a lambu.

Na biyu ƙyallen jirgi. Babban ƙyalle ne mai ƙarfi da a ke ɗagawa a jikin jigo da igiya. Shi ke tare iska. Na sambuk mai kusurwa uku ne, a kan ɗaura shi a jikin wata doguwar sanda da ke rataye a karkace.

Na uku ƙashin bayan jirgi. Katako ne ko ƙarfe da ya bi tsawon jirgi ta ƙasa, ya nutse cikin ruwa. Ba a ganinsa daga sama, amma aikinsa babba ne.

Na huɗu linzamin jirgi. Allo ne a tsaye cikin ruwa a bayan jirgi, da sanda da matuƙi ke riƙewa. Da shi a ke juya jirgi.

Bayan waɗannan akwai igiyoyi, akwai kuma anka, watau ƙaton ƙarfe mai ƙugiya da a ke jefawa ƙasan ruwa don a tsai da jirgi. Anka ita ce turken jirgi.

3. Yadda iska ke aiki

Idan iska ta biyo jirgi ta baya, abin ba wuya. Ta kan cika ƙyalle ta tura jirgi gaba. Duk wanda ya taɓa ɗauko asabari ko zana a ka ranar iska ya san wannan turi.

Amma iska ba kullum ta ke bin bayan mutum ba. A arewacin Bahar Maliya iska ta fi busowa daga wajen arewa kusan duk shekara. Jidda kuwa tana arewa maso gabas da Sawakin. Ke nan iska na bugun jirgi ta gefe, har ta ɗan gaba. Me zai hana ta kore shi kudu?

Ga amsa. Matuƙi ya kan ja igiya ya karkata ƙyalle, iska ta bi jikinsa ta wuce. Ƙyallen sai ya yi ciki, ya lanƙwashe kamar fiffiken shaho. Iskar da ke bin sa tana jan jirgi gefe, tana kuma jan sa gaba kaɗan. Ƙashin bayan nan da ke cikin ruwa ya kan ƙi tafiya gefe, don ruwa ya tokare shi. Jirgi fa ya matsu tsakanin iska da ruwa. Ba shi da mafita sai gaba. Ku ɗauki ƙwallon mangwaro mai santsi, ku matse shi tsakanin yatsu biyu. Kun matsa ta gefe da gefe, shi kuwa sai ya fizge ya yi gaba. Haka jirgi ya ke yi.

Abu ɗaya ne jirgi ba ya iyawa. Ba ya shiga cikin iska kai tsaye. Idan aka sa goshinsa daidai inda iska ke fitowa, ƙyalle sai ya yi ta faɗi-tashi kamar wanki a kan igiya, jirgi ya tsaya cik. In iska daga arewa ta ke, jirgi mai kyau zai iya nufar arewa maso gabas, ko arewa maso yamma. Don haka mai son zuwa arewa sai ya yi ta karkace. Ya yi arewa maso gabas na ɗan lokaci, ya juya ya yi arewa maso yamma, ya sake juyowa. Kun ga yadda jaki mai kaya ke hawan tudu, ya yi nan ya yi can har ya kai sama. Hanya ta kan ƙaru. Wurin da ke kilomita 10 a miƙe, sai an yi wajen kilomita 14 kafin a kai. Tsofaffin jiragen katako ma su kan yi fiye da haka.

4. Matakan koyo

Ba a koyon tuƙi a tsakiyar teku. A kan fara ne a ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa, cikin ɗan ƙaramin jirgi, tare da gwani. Yaran Larabawa masu sambuk da aikin yaron jirgi su ke farawa, su kwashe ruwa, su ja igiya, su yi shekaru kafin a ba su linzami. Shugaban jirginsu nahuda a ke ce masa. A ƙasashen Turai akwai makarantun wannan aiki, a Ikko ma akwai kulob na masu irin waɗannan jirage tun 1932. Ko'ina dai matakan kusan ɗaya ne.

Mataki na farko, iyo. Mai koyo ya iya ninƙaya, ya kuma sa rigar hana nutsewa ko da ya iya.

Mataki na biyu, igiya. A nan mu manoma muna da rabin ilmin. Mun san tufkar rama, mun san ɗaurin dami, mun san zarge. Ƙullin jirgi dole ya cika sharaɗi biyu. Ya riƙe kam idan an ja, ya kuma kwantu nan da nan idan an so kwancewa, ko da ya jiƙe. Ƙullin da sai an sa wuƙa ba shi da amfani a jirgi.

Mataki na uku, sanin inda iska ke fitowa. Matanmu masu shiƙar dawa sun riga mu sanin wannan. Kafin mace ta ɗaga ƙwarya sai ta saki ɗan ƙaiƙayi ta ga inda ya nufa. Matuƙi ya kan ɗaura ɗan zare a jikin igiyar jigo ya riƙa dubawa. Ya kan kuma ji iska a kumatu da kunne. In bai san inda iska ta ke ba, duk sauran aikinsa lalube ne.

Mataki na huɗu, riƙe linzami. Nan sabon shiga ya kan rikice, gama sandar linzami a juye ta ke aiki. In ka tura ta dama, jirgi hagu zai yi. In ka tura ta hagu, dama zai yi. Sai hannu ya saba. Kuma linzami ba ya ci sai jirgi na tafiya. Jirgin da ya tsaya, ko an murɗa linzami ba ya juyawa.

Mataki na biyar, daidaita ƙyalle. Ka saki igiya sannu har bakin ƙyalle ya fara rawa, sa'an nan ka ja kaɗan har rawar ta tsaya. Nan ne daidai. In ka ja ya wuce kima jirgi zai kwanta gefe, gudunsa ya ragu.

Mataki na shida, juyi. Sa'ad da za a juya jirgi, ƙyalle da sandarsa su kan tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan. Sandar nan ta sha fasa kan mutane, ta kuma sha jefa su ruwa. Saboda haka matuƙi ba ya juyi sai ya ɗaga murya ya faɗa, kowa ya amsa, kowa ya sunkuya.

Mataki na bakwai, rage ƙyalle. Iska idan ta yi ƙarfi, babban ƙyalle ya kan zama haɗari, yana iya kifad da jirgi ko ya karya jigo. Sai a sauke shi kaɗan a naɗe ƙasansa, ko a sa ƙarami. Lokacin yin wannan shi ne kafin iska ta iso. Mu ma in mun ga hadari ya haɗo daga gabas, tun kafin guguwa mu ke kwashe shanya.

Mataki na takwas, jefa anka. A kan auna zurfin ruwa da igiya mai darma a bakinta, a ƙirga gaba nawa ne. Sa'an nan a saki igiyar anka ta ninka zurfin sau 5 ko fiye. In zurfi gaba 3 ne, a saki gaba 15. Igiya in ta yi gajarta sai ta ɗaga anka sama, ƙugiya ta saki ƙasa, jirgi ya sulale cikin dare mutane na barci.

5. Tafiyar bakin gaɓa

Wanda ya iya waɗannan, sai a ɗauke shi tafiya ta kwana da kwanaki, ana bin bakin gaɓa daga tasha zuwa tasha. Mutum zai ce bin gaɓa ya fi sauƙi tun da ana hangen ƙasa. Matuƙa kuwa sun fi tsoron gaɓa, domin nan duwatsu da yashi su ke.

Gaɓar Bahar Maliya cike ta ke da wani irin dutse mai kaifi da waɗansu ƙananan halittun ruwa ke ginawa. Yana ɓoye ƙarƙashin ruwa kaɗan. Da irinsa aka gina tsofaffin gidajen Sawakin. Jirgin katako in ya hau shi sai ya tsage. Saboda haka masu sambuk da ke bin gaɓa da rana su kan yi tafiya, kafin magariba su shige wani lungu su jefa anka su kwana. Sun fi son shiga irin wannan wuri rana tana sama, tana bayansu. Mutum ɗaya ya kan hau jigo yana duban launin ruwa. Ruwa shuɗi sosai mai zurfi ne. Kore-kore ba shi da zurfi. Inda ya yi ruwan ƙasa, dutse ne, sai a kauce.

A wannan tafiya mai koyo ya kan san waɗansu abubuwa kuma.

Taswira da kamfas. Taswirar teku tana nuna gaɓa da duwatsu, an kuma rubuta zurfin ruwa da lambobi. Kamfas kuwa allura ce da ke nuna arewa dare da rana.

Lissafi. In ka san gudun jirgi da awoyin da ka yi, ka san nisan da ka ci. Jirgin da ke cin kilomita 9 a awa, cikin awa 10 ya ci 90. Daga Sawakin zuwa Jidda zai yi wajen awa 36, in iska ta ba da hannu. In ta ƙi, sai kwanaki.

Fitilu. Jirgi mai tafiyar dare ya kan kunna jar fitila a hagunsa, koriya a damansa, fara a bayansa. Da wannan wani jirgi zai gane inda ya dosa.

Gadi. Ba a barin jirgi ba mai tsaro. A kan raba mutane, waɗansu su yi awa 4 suna aiki, waɗansu na barci, sa'an nan a canja.

Ruwan sha. Ruwan teku ba ya shawuwa. Cikin lita ɗaya akwai gishiri wajen giram 35, a Bahar Maliya ma ya kai 40. Wanda ya sha, ƙishinsa ƙaruwa zai yi. Dole a ɗauki ruwan daɗi fiye da na kwanakin da aka ƙiyasta.

Jiri. Sabon shiga ya kan yi jiri da amai saboda rawar jirgi. Ba abin kunya ba ne. Ya zauna waje inda iska ta ke, ya dubi can nesa inda sama ta haɗu da ruwa. Yawancin mutane su kan saba cikin kwana biyu ko uku.

6. Taurari da lokutan iska

Mutanen da sun yi wannan tafiya da taurari. Akwai wani tauraro a arewa da ba ya gusawa daga wurinsa, sauran taurari suna kewaya shi. Duk yadda mutum ya ƙara yin arewa, tauraron nan ya kan ƙara hawa sama. Kuna iya gwadawa. Daren da sama ta yi garau, ku sami fili, ku fuskanci arewa, ku miƙa hannu ku dunƙule. A Hunkuyi tauraron ya ɗara tsayin dunƙulen hannu ɗaya kaɗan daga ƙasa. A Jidda ya kai dunƙule biyu. Matuƙan Larabawa su kan auna shi da ɗan allo mai igiya da ƙulle-ƙulle, sunansa kamal. Da shi su kan san ko sun kai daidai garin da su ke nema. Wani gwaninsu, Ahmadu ibn Majid, ya rubuta littafi a kan wannan ilmi wajen shekarar 1490.

Sun kuma san lokutan iska. Mu a nan iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke zuwa, iskar damina daga kudu maso yamma. A tekun Indiya ma haka ne. A zamanin da, daga Disamba zuwa Maris iska ta kan kai jiragen Larabawa kudu, zuwa Mambasa da Zanzibar. Daga Afrilu sai ta juyo ta mai da su gida da kaya. Matuƙi ya kan jira lokacinsa kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka.

Da wannan ilmi ɗan ƙaramin jirgi ya kan yi nisa ƙwarai. Wani mutumin Amurka, Joshua Slocum, ya kewaye duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, cikin jirgin da tsawonsa bai kai ƙafa 40 ba. Amma ya yi shekaru da yawa yana aikin jirgi kafin ya gwada.

7. Abin da ya shafe mu

A shekarar 1183 wani malamin Andalus, Ibn Jubair, ya ƙetare Bahar Maliya daga Aizab zuwa Jidda. Jirgin da ya shiga ba ƙusa a jikinsa, da igiyar kwakwa aka ɗinke katakan. Iska ta juya musu, suka yi wajen kwana 8 a ruwa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda masu jirage ke cusa alhazai, wani kan wani, saboda son kuɗi.

Wannan ciwo bai warke ba, ya kuma iso ƙasarmu. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse a Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi, fiye da mutum 70 suka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari a Bagwai, Jihar Kano. Fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. A duka biyun an ba da labarin lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙansu.

Yawancinmu ba za mu tuƙa jirgi a teku ba. Amma muna zuwa cin rani da fatauci, muna shiga kwalekwale a Yawuri ko a Lakwaja ko a bakin wata madatsa. Dokokin teku su ne dokokin kogi. Ga su.

In kun ga ruwa ya kusa bakin jirgi saboda lodi, kada ku shiga. Ku jira na gaba, ko da kasuwa za ta ci ba ku.

In akwai rigar hana nutsewa, ku sa, ku ɗaure ta sosai. Ku fara sa wa yara.

Kada ku shiga ruwa da dare, ko sa'ad da hadari ya haɗo.

Ku zauna ƙasa-ƙasa. Kada kowa ya miƙe tsaye, kada kuma a taru gefe ɗaya.

Ku ji maganar matuƙi. Shugaba ɗaya ne a jirgi.

In jirgi ya kife bai nutse ba, ku riƙe jikinsa, ku yi kira. Jirgi ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa mutanen gidansa, musamman samarin da ke shirin tafiya cin rani bayan kaka.

TAMBAYOYI

1. Faɗi sassa huɗu na jirgi mai tafiya da iska.
2. Me ke hana iska kore jirgi gefe?
3. In iska daga arewa ta ke, yaya matuƙi zai kai arewa?
4. Zurfin ruwa gaba 4 ne. Igiyar anka gaba nawa za a saki?
5. Jirgi na cin kilomita 9 a awa. Kilomita nawa zai ci cikin awa 6?
6. Me za ka yi in ka ga an cika kwalekwale fiye da kima?